Auduga da Tsutsa a Ƙasar Fau

Wanda ya tashi daga Wad Madani a ƙasar Sudan, ya haye Shuɗin Nilu ya miƙa gabas a kan hanyar Gadarif, zai yi ta tafiya cikin fili shimfiɗaɗɗe, baƙar laka ko'ina, har ya hango waɗansu duwatsu a tsaye su kaɗai. A gindin duwatsun nan garin Fau yake. Ba babban birni ba ne, amma a nan aka kafa hedkwatar Gandun Rahad, ɗaya daga cikin manyan gandayen noman ban ruwa na Sudan. A nan kuma aka gwada irin audugar nan da masana suka sauya wa halitta, wadda ta mamaye gonakin ƙasar tun daga shekara ta 2012. Yau ana gardama a kan irin wannan iri a Kano da Zariya da Maraɗi, waɗansu suna cewa ceto ne ga manomi, waɗansu suna cewa guba ce ga ƙasa. Mutanen Fau sun riga sun zauna da shi shekaru. Amma wanda yake so ya gane abin da sabon irin ya yi wa ƙasarsu, sai ya fara sanin abin da aka yi mata kafin zuwansa, gama ba a kan ƙasa mai lafiya ya sauka ba.

Labarin kuwa ya shafi Hausawa kai tsaye. Tun zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, Hausawa da Fulani da Barebari suke ratsa Sudan, da yawa kuma suka zauna a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin yana ɗauke da sunansa har wa yau. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban Gandun Jazira domin a noma wa masaƙun Ingila auduga mai dogon zare, sai aka rasa hannuwan da za su yi shema da tsinka. Mutanen yamma, waɗanda 'yan ƙasar suke kira Fallata ko Takari, suna cikin waɗanda suka cika wannan gurbi. Suka zauna a ƙananan sansanoni a bakin magudanan ruwa, waɗansu kuma suka bazu a bakin kogin Rahad da Dindir har zuwa Gadarif. Duk abin da aka zuba wa gonakin auduga daga baya, jikin masu tsinka ya fara taɓawa, ruwan da suke sha kuma shi ya fara ɗauka.

Ba a daɗe da buɗe Jazira ba, a farkon shekarun 1930, cuta biyu suka kusa kashe noman. Ɗaya tana baƙanta rassan auduga, ɗaya tana nannaɗe ganye, wani ɗan mitsitsin farin ƙuda ne kuwa yake yaɗa ta biyun. A lokacin ba a da maganin feshi mai ƙarfi, saboda haka aka yi yaƙin da dabara. Aka kafa doka cewa in an gama tsinka, dole a tuge karan auduga har saiwa, a tara a ƙone, a share gona, a bar watanni babu ko tsiron auduga ɗaya a ƙasar, domin cuta da ƙwaro su rasa wurin kwana. Dattawan Funtuwa da Gusau sun san irin wannan doka, gama an yi ta a arewacin Nijeriya ma. Masana kuma suka duƙufa suna haɗa iri da iri, wani Bature mai suna Knight ya yi shekaru yana shigar da juriyar cutar baƙin rassa cikin audugar Sudan. Aikin yana da wahala, yana cin lokaci, amma ya yi amfani.

Sai yaƙin duniya na biyu ya ƙare, aka zo da maganin da ake kira DDT. Wajen 1945 aka fara fesa shi a Jazira, saboda wani ɗan koren ƙwaro mai tsalle da masana suke kira jasid, wanda yake tsotse ruwan ganye har gefen ganyen ya yi ja ya bushe. Da fari abin ya yi kama da al'ajabi. Feshi ɗaya a shekara, jasid ya kwanta, auduga ta yi kyau. Aka faɗaɗa feshin har ya game gandun duka, aka koma yi da jiragen sama. Cikin shekarun 1960 sai wata tsutsa da ba a damu da ita sosai ba a dā ta zama babbar abokiyar gaba, wato tsutsar da take huda furen auduga da ƙwallonta ta cinye cikin. Aka ƙara yawan feshi saboda ita. Wajen ƙarshen shekarun nan aka shiga yarjejeniya da kamfanonin magani, mafi girmansu Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan, aka danƙa musu aikin kashe ƙwari a manyan yankunan gandun, su kawo magani, su kawo jirgi, su yanke lokacin feshi. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ana feshi sau takwas, wani lokaci sau tara, a shekara guda.

Abin da ya biyo baya ya shiga littattafan masana ƙwari na duniya. Farin ƙudan nan, wanda a dā yakan tashi a farkon shuka ya lafa, ya yi yawan da ba a taɓa gani ba. Yana zaune a ƙarƙashin ganye inda feshin jirgi ba ya kai wa sosai, yana tsotso, yana zubar da wani ruwa mai danƙo kamar na darɓa a kan audugar da ta buɗe. Zaren ya yi ta manne wa injunan masaƙa a Turai, masu saye suka fara gudun audugar Sudan, farashinta ya faɗi, amfanin gona kuma ya yi ƙasa ƙwarai a kakar 1980 zuwa 1981. Masana sun yi jayayya a kan dalili. Waɗansu suka ce ƙudan ya saba da maganin ne, har ma DDT yana ƙara masa haihuwa. Waɗansu, kamar Eveleens wanda ya rubuta binciken wannan masifa a 1983, suka ce feshin ya kashe ƙananan halittun da suke cin farin ƙuda, irin su gizo-gizo da waɗansu 'yan mitsitsin zanzaro masu saka ƙwai a jikin 'ya'yansa. Ga alama dukansu suna da gaskiya a wani gefe. Gonar auduga tana da masu gadi da ido ba ya lura da su, an kashe masu gadin tare da ɓarawo, ƙaramin ɓarawo kuwa ya sami ƙofa a buɗe.

Ɓarnar ba ta tsaya a gona ba. Sauron da yake kawo zazzaɓi yana haihuwa a magudanan ruwan nan, feshin auduga yana sauka a kansa shekara da shekaru, har a farkon shekarun 1970 aka tarar DDT ba ya kashe shi kuma. Ma'aikatan lafiya suka rasa makamin da suke fesawa a bangon ɗakuna, zazzaɓi ya tashi a Jazira. A 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa wani shiri na shekara goma domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa a Jazira da Rahad. A shekarar nan kuma Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin ƙasar Holan, ta fara koya wa ma'aikatan gona su riƙa ƙidaya ƙwari kafin su yi feshi, su jinkirta feshin farko domin masu gadin nan su samu su yi yawa. A farkon shekarun 1980 aka daina fesa DDT a kan auduga, aka kuma soke yarjejeniyar kamfanonin. Gangunan tsohon magani kuwa suka yi ta ruɓewa a wurin ajiya a Hasahisa, ƙasar wurin ta gurɓace.

A tsakiyar wannan rikici aka haifi Gandun Rahad. An fara aikin a 1973 da rancen Bankin Duniya da taimakon Kuwaiti da Amurka da waɗansu, aka fara noma a 1977. Girmansa wajen fadan 300,000 ne, fadan kuwa ya ɗan ɗara eka kaɗan. Kogin Rahad yana gangarowa daga tsaunukan Habasha, yana cika da damina ya janye da rani, saboda haka aka yi masa shinge a Abu Rakham, aka kuma kafa manyan famfuna a Mina kusa da Sinja suna ɗebo ruwan Shuɗin Nilu su turo ta doguwar magudana. Aka raba wa manoma gonaki, fadan 22 ga mutum guda, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka da ake kira da lamba maimakon suna. Da yawansu makiyaya ne a dā, filin da aka nome kuwa makiyayarsu ce. Aka umarce su su noma auduga mai matsakaicin zare da gyaɗa, daga baya aka yarda da dawa. Jiragen feshi suka zo tare da ruwan, farin ƙuda ma haka.

Daga nan noman auduga ya yi ta ja da baya. Kuɗin magani yana cinye ribar manomi, magudanai suka cika da laka da ciyawa, gwamnati ta janye hannunta daga ba da rance a shekarun 1990. Da aka fara sayar da man fetur waje a 1999, sai aka manta da farin zinariya. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da yake so, da yawa kuwa suka bar auduga. Amma a watan Yuli na 2011 Sudan ta Kudu ta balle, ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man, gwamnatin Hartum ta waiwayo tana neman abin da za ta sayar. Ta tarar Sinawa sun riga sun iso Fau. A taron Sin da Afirka da aka yi a Beijin a 2006, Sin ta yi alkawarin gina cibiyoyin gwajin noma a ƙasashen Afirka, ta Sudan kuwa a Fau aka gina ta, masana daga lardin Shandong suke riƙe da ita. Cikin kayan da suka zo da su akwai irin audugar da tsutsa ba ta iya ci.

Ya kamata a bayyana yadda abin yake, domin jita-jita ta yi yawa a kansa. Akwai wata ƙwayar halitta da take zaune cikin ƙasa, wadda ido ba ya gani, masana suna taƙaita sunanta su ce Bt. Wani masani a Japan ya fara gano ta a 1901 a jikin tsutsar siliki da ta mutu, wani Bajamushe ya sāke gano ta a 1911. Tana yin wani sinadari wanda in tsutsar malam-buɗe-littafi ta haɗiye shi, yakan narke a cikinta ya huda hanjinta, ta daina ci ta mutu. Cikin mutum da na saniya da na tsuntsu ba su da mazaunin da sinadarin yake kamawa. Manoma sun yi shekaru suna fesa ƙwayar nan a gonakin lambu. Abin da masana suka yi shi ne, suka ciro umarnin yin sinadarin daga cikin ƙwayar, suka dasa shi cikin abin da auduga take gadar wa 'ya'yanta, har ya zama ganye da fure da ƙwallo suna yin maganin da kansu. An fara noma irin wannan auduga a Amurka a 1996, a Sin a 1997, a Indiya a 2002.

A 2012 hukumomin Sudan suka amince da irin Sinawa, aka raɗa masa suna Sini 1, wato Basine na ɗaya. An yi ta musu a jaridun Hartum, waɗansu suna zargin an yi gaggawa, makiyaya suna tsoro saboda dabbobinsu suna kiwo a gonakin auduga bayan tsinka suna kuma cin tunkuzar angurya, mutane kuma suna cin manta. Ministan gona na lokacin, Abdulhalim al-Muta'afi, ya tsaya kai da fata sai an shuka. A shekarar farko aka shuka wajen hekta 20,000, a Rahad da sauran gandayen ban ruwa da kuma gonakin damina. Sudan ta zama ƙasa ta huɗu a Afirka da ta noma irin da aka sauya wa halitta don kasuwa, bayan Afirka ta Kudu da Burkina Faso da Masar. A 2015 filin ya kai wajen hekta 120,000, aka kuma ƙara waɗansu iri daga Indiya masu suna Hindi 1 da Hindi 2. A 2018 ya wuce hekta 240,000. Ƙididdigar nan ta fito ne daga ƙungiyar ISAAA, wadda aikinta yaɗa irin wannan fasaha ne, mai karatu sai ya riƙe wannan a zuciya. Duk da haka ba mai musun cewa cikin 'yan shekaru fiye da kashi 90 cikin 100 na audugar Sudan ta koma sabon iri.

Alherin da ya kawo na gaske ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Tsutsar da ta jawo yawan feshi tun shekarun 1960 ta daina cin ƙwallo, feshi ya ragu, amfani ya ƙaru, manoman da suka guje wa auduga suka komo. Ga wanda ya san tarihin Jazira, raguwar feshi babban abu ne, gama kowane tashin jirgi da aka fasa yana nufin gubar da ba ta sauka a magudanar da yara suke wanka a ciki ba. A arewacin Sin, inda aka bi sawun abin shekara da shekaru, wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna gizo-gizo da sauran masu cin ƙwari sun ƙaru a gonakin auduga bayan an rage feshi, har gonakin masara da waken suya na kusa suka amfana. Game da tsoron makiyaya kuwa, babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba binciken shekara ashirin, ta fitar da rahoto a 2016 cewa ba ta sami shaidar cutarwa ga mutum ko dabba daga cin irin waɗannan amfanin gona ba.

Amma sinadarin Bt tsutsa kaɗai yake kashewa. Masu tsotson ruwan ganye ba ruwansu da shi. Masanan Sudan sun daɗe da sanin cewa audugar da ganyenta yake da gashi tana hana jasid zama, suka kuma fitar da nasu iri masu jure wa ƙwari da cututtukan ƙasarsu. Irin Sinawa an yi shi ne domin wata ƙasa mai wani yanayi dabam, ba a daɗe ba kuwa aka ga jasid yana jin daɗinsa, cutar baƙin rassa ma tana kama shi, wato abokan gāba biyu na zamanin Turawa suka sami sabuwar ƙofa. Cikin shekarun nan kuma wani baƙon ƙwaro mai farin gari a jiki kamar toka, wanda ya riga ya yi ɓarna a Pakistan da Indiya, ya ɓulla a gonakin Sudan. Ba sabon irin ya kawo shi ba, amma sabon irin ba ya kare kansa daga gare shi. Haka aka gani a Sin, inda bincike na 2010 ya nuna waɗansu ƙwari masu tsotso sun yawaita bayan an rage feshin da yake danne su a dā. A jihar Punjab ta Indiya farin ƙuda ya lalata audugar Bt a 2015. Manomin da ya koma feshi saboda waɗannan ya koma kan tsohuwar hanyar da ta kai Jazira ga masifa.

Akwai kuma batun da ya fi wannan nauyi, wato sabon tsutsa da maganin. Cikin dubban tsutsotsi ba a rasa ɗaya ko biyu da jikinsu ya iya jure wa sinadarin. In duk gonakin yanki Bt ne, su kaɗai za su rayu, su auri juna, 'ya'yansu su gāji juriyar, bayan waɗansu shekaru irin ya zama kamar tsohon iri, sai dai tsada. Dabarar da masana suka samo ita ce a bar wa tsutsa mafaka, wato a shuka wani yanki da auduga marar sinadarin, domin marasa juriya su yi yawa su riƙa aure da masu juriya, jinin juriyar ya tsarwake. Abin yana da wuyar karɓa ga talaka, gama ana ce masa ya ciyar da maƙiyinsa da gangan. A Amurka aka tilasta dokar, aka haɗa da waɗansu dabaru, har a 2018 aka yi shelar kawar da jar tsutsar auduga daga gonakin ƙasar. A Indiya ba a bi dokar ba. A 2010 kamfanin Monsanto da kansa ya amsa cewa jar tsutsa ta saba da irinsa na farko a jihar Gujarat, kafin 2015 ta saba da na biyu mai sinadari biyu, a 2017 ta yi mummunar ɓarna a jihar Maharashtra, a shekarar nan kuma manoma da 'yan ƙwadago suka mutu a yankin Yavatmal saboda shaƙar maganin feshi.

A nan Fau tana da gāta ɗaya da rauni ɗaya. Babbar tsutsar Sudan ba auduga kaɗai take ci ba, tana cin dawa da wake da tumatir da kuɓewa. Ƙasar Gadarif kuwa rumbun dawar Sudan ce, tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, saboda haka mafaka tana nan a yalwace ba tare da an shuka ta da niyya ba. Amma jar tsutsa, da wata da ake kira tsutsar Sudan, kusan auduga kaɗai suke rayuwa a kanta, dawa ba ta zama musu mafaka. Sini 1 kuwa sinadari ɗaya yake ɗauke da shi, ba kuma irin aure ba ne da sai an sayo sabo kowace shekara. Manomi yana iya ajiye anguryarsa ya shuka, wannan sauƙi ne gare shi, amma in iri ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba mai dubawa, yakan gauraya, ƙarfin sinadarin ya yi sama da ƙasa, tsutsa kuwa ba abin da take so kamar maganin da ya raunana ta bai kashe ta ba. Tsohuwar dokar tuge kara da ƙonewa, wadda ta girmi DDT, ita ce har yanzu babban makami a kan waɗannan biyu.

Waɗansu suna tsoron kada sabon jinin ya tsallaka zuwa audugar jeji. Akwai dangin auduga na daji a Sudan, amma ginin halittarsu ya bambanta da na audugar gona, aure tsakaninsu da wuya yake ba da 'ya'ya masu haihuwa. Abin da ya riga ya faru ya fi wannan sauƙin gani. Audugar Barakat mai dogon zare, wadda ta yi wa Sudan suna a kasuwannin duniya, da sauran irin da masanan Madani suka yi shekaru suna gyarawa, sun ja baya har suka kusa ɓacewa daga gonaki, ƙasa mai faɗi ta dogara ga iri kaɗan. Burkina Faso ta ɗanɗana wani gefen wannan. Ta karɓi audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu, amma zaren ya gajarce, darajar audugarta ta faɗi, kamfanonin ƙasar suka watsar da irin a 2016.

A nan batun ya haɗu da na kwafin halitta, wanda duniya ta yi ta surutu a kansa sa'ad da aka haifi tunkiya Dolly a Sikotilan a 1996 daga ƙwayar jikin wata tunkiya ba tare da rago ba, da kuma 'yar raƙuma Injaz a Dubai a 2009. Dabbobin nan kaɗan ne, suna cikin shinge, ba su canja jeji ba. Manomi kuwa ya daɗe yana kwafi bai sa masa suna ba. Duk wanda ya dasa karan rogo ko rake ko ɗan ayaba, tsiron da ya fito kwafin uwarsa ne sak, cutar da ta iya ɗaya ta iya duka. Haka wata cuta ta ƙasa ta share manyan gonakin ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950.

Nijeriya ta bi sawu daga baya. An kafa hukumar kula da irin waɗannan iri a 2015, aka amince da audugar Bt a 2018, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar fure a 2019, a 2024 kuma aka fitar da masarar TELA. Wake da masara abinci ne da ake shukawa a kowane ƙauye, kusa da irin gargajiya da tsofaffin mata suke ajiyewa a tulu da toka, tambayoyin mafaka da gaurayar iri da masu duba gona suna jiran amsa a can kamar yadda suka jira a Rahad.

A Fau kuwa yaƙi ya katse lissafin. Faɗa ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasa da rundunar RSF. A watan Disamba na shekarar rundunar ta kama Wad Madani, Fau ta zama bakin dāga, dubban masu gudu suka ratsa ta zuwa Gadarif, ciki har da jikokin mutanen yamma daga sansanonin Jazira. A Madani hedkwatar Hukumar Binciken Aikin Gona take, inda masu ƙidayar ƙwari da masu haɗa iri suke aiki, a can kuma rumbun ajiyar iri na ƙasa yake, mai dubban nau'in dawa da gero da riɗi da sauransu da aka tattaro daga ƙauyuka cikin shekaru da yawa. Aka washe wurin, aka kwashe na'urorin sanyi, aka watsar da iri a ƙasa. Soja suka karɓe Madani a watan Janairu na 2025. A watan Fabrairu na shekarar, waɗansu daga irin da ma'aikata suka iya tserar da su, dawa da gero a cikinsu, suka isa rumbun da aka haƙa cikin dutsen ƙanƙara a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, aka rufe su cikin akwatuna da sunan Sudan a jiki.